Mun Zauna a Ƙofar Gidanki, Iya Barira

Allah ne ya ba mu ke, Iya, kuma shi ne ya karɓe ki. Wurinsa dukanmu muka nufa.

Da hantsin ranar Lahadi, 11 ga watan Mayun 2025, Iya Barira ta Tudun Ƙwarya ta cika a gidan likita na nan Tasawa, bayan dutsen da ya same ta a ka ranar Asabar. An kai ta makwancinta bayan azahar. Ta bar ɗa guda, Bube, da jikoki, da ɗimbin mutanen da suka faɗo duniya a hannunta, domin ungozoma ce. Ina cikinsu.

Sunana Umaima Salisu, ɗaliba a lise, wato babbar sakandare. Ba ni da baki a cikin taro, kuma da kaina ba zan ce ni zan rubuta miki ta'aziyya ba, ga manya. Mushe Attahiru, malaminmu na tarihi, shi ya ce in rubuta, saboda ni ce na riƙe salular da muka yi ta ɗaukar muryarki da ita, kuma ina kusa da ke sa'ad da kika faɗi. Zan faɗi abin da na gani. Abin da ban gani ba zan ce ban gani ba.

Wanda ya zo Tasawa bana ba zai ga Tudun Ƙwarya ba. Zai ga jerin butik, wato kantuna, masu ƙofofin ƙarfe a gefen kwalta, da gidajen siminti masu dogon bango a bayansu, da filayen da aka kafa wa borni, wato turakun iyaka, ana jiran gini. A nan kika yi shekara kusan arba'in. Kin zo ne a shekarar fari, 1984, ke da mijinki da ƴan shanun da suka rage, waɗanda su ma ba su ga damina ba. Dattawan gari suka nuna muku wani tudu a bayan gari, inda ake jefar da mushen jakai, suka ce ku zauna. Kuka share, kuka kafa bukkoki, daga baya kuka yi ɗakunan laka. Matanku na sayar da nono, suna shanya ƙorai a kan rufi, har mutane suka sa wa wurin suna. Masu ga-ruwa suka biyo ku, da masu wanki, da zawarawan da ba su da wurin zuwa. Gari ya yi ta girma har ya kewaye ku. Tudun da kowa ke toshe hanci in zai wuce ya zama bakin hanya, ya yi daraja. Ba wanda ke da takarda a cikinku, domin lokacin da aka ce ku zauna, da baki aka ce.

Innata tana ba ni labarin ranar da aka haife ni. Gidanmu na unguwar da ke maƙwabtaka da taku. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya cinye hanyar likita. Kika zo kin tattare zane har gwiwa, kika tarar da babana yana kai da kawowa a bakin ɗaki. Kika ce, "Salisu, kai naka aikin ka gama tun bara, tafi ka zauna." Da na faɗo ban yi kuka ba. Kika juya ni, kika mintsine ni, na yi ɗan ƙara na koma na yi shiru. Kika ce wa Inna, "Wagga ba ta da surutu, amma tana ji." Tun daga nan ba ki taɓa kirana da sunana ba, sai Malama Shiru.

Ba ki yi gasa da likita ba. In kin ga haihuwa ta zo da gardama, ke kike fita ki tsayar da amalanke, ki ɗora mace, ki bi ta da ƙafa kina zagin mai jakin don ya yi sauri. In ta zo da sauƙi, ki yanke cibiya, ki wanke jariri, ki haƙa rami a bayan ɗakin maijego ki binne mabiyiya, ki zuba ruwan wankan a kai. Abin da ake ba ki, sabulu ne ko kwanon hatsi, sau da yawa a ɗakin wata maijegon yake ƙarewa.

Ranar da aka rushe unguwar, shekara biyu da suka wuce, ina kan hanyar lakwal, wato makarantar boko. An daɗe ana cewa an yanka filin an sayar, an ma zo an shafa jan fenti a bangaye, amma kun ɗauka irin maganar da aka saba ji ce. Katafila ta fara daga gefen kwalta. Bayanta samari ne da gorori, waɗanda masu sayen filin suka ɗauko. Na ga bango ya faɗa kan rago a ɗaure, yana ta shure-shure a ƙarƙashin laka, ba mai lokacin ciro shi. Na ga an ja wani tsoho mai ga-ruwa ta ƙafa daga ɗakinsa, kansa na bugun ƙasa, saboda ya ce ba zai fita ba. Wani ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa, gora ta karya hannun, na ji ƙarar daga inda nake tsaye. Ƙorai sun farfashe, nono ya gauraye da toka da jini, kaji na gudu a ciki. A wani ɗaki akwai maijego da ko suna ba a yi ba. Kika shiga katafila na tahowa, kika fito da jaririn cikin ƙwarya a kanki, kina jan uwar da hannu ɗaya. Wani saurayi ya kai miki gora a baya don ki yi sauri. Ba ki juya ba sai da kika ajiye ƙwaryar a inuwa. Sannan kika dawo kika dube shi, kika faɗi sunan uwarsa da na kakarsa. Ya sunkuyar da kai. Kafin azahar babu ɗaki ɗaya a tsaye.

Masu dangi a ƙauye suka tafi, wasu Hawandawaki, wasu wajen Mayahi. Sauran suka koma bayan tasha, ƙarƙashin rumfunan buhu da kwali. Waɗanda ba su samu wuri ba suna kwana a barandar butik ɗin da aka gina a kan gidajensu, da asuba masu gadi su tashe su da bulala da ruwan kwata. Babana ya ce ki zo ya ba ki ɗakin da ke zaurenmu. Kika ce, "Da Furera?" Furera maƙwabciyarki ce, makauniya, ke kike yi mata jagora tun rasuwar mijinta. Da ita da awakinki da jikokin wata da aka bar miki, ɗakin ba zai ɗauke ku ba. Kika ce, "To bar shi, Salisu. Allah ya saka." Bube yana can wajen Gidan Amumune yana kiwon shanun mutane. Ya yi ya yi ki koma wurinsa, kika ce matan bayan tasha ba su daina haihuwa ba don an rushe musu ɗaki.

Kin jure kwanan waje. Abin da kika kasa jurewa shi ne sunan da aka sa muku. Cikin ƴan watanni mutane suka fara ce muku ƴan tasha, kamar jiya aka sauke ku daga mota. Wata rana a kasuwa wata mata, wadda ke kika karɓi haihuwar ɗanta na fari, ta ce wa baƙuwarta a gabanki, "Baƙi ne, ba a san daga inda suke ba." Da bakinki kika ba mu labarin. Kika ce, "Ɗakin laka ne, ruwa ma na kada shi. Amma a ce ban taɓa zama ba? A ce ba ni da ƙofa a garin nan?"

Shi ya sa da Mushe Attahiru ya kai mu bayan tasha a farkon shekarar karatu, ya ce muna so mu tattara tarihin Tudun Ƙwarya daga bakin mutanenta a gabatar wa jama'ar gari, ke kika fara miƙewa. Maza sun yi shakka, wani ya tambaya ko tarihi ana cinsa. Kika ce ba a ci, kuma ba za ku zauna muna jera muku tambayoyi kamar marasa lafiya ba. "In za a yi, a tafi can a yi. Kowa ya tsaya inda ɗakinshi yake ya faɗi da bakinshi."

Haka muka yi, kowace Asabar. Sai dai babu bango, babu lungu, katafila ta baje komai, har rijiyar an cike. Maza suka yi ta nuna wurare suna saɓa wa juna. Mata ne suka warware, domin kowace ta san inda aka binne mabiyiyar ƴaƴanta, ke kuma kin haƙa mafi yawan ramukan. Daga kututturen gawon da aka sare kuke farawa. Ki ce, "Nan na binne ta Lurwanu, to ɗakin Furera na gabas da nan."

Furera ta ce, "Ƙarya kike, tsohuwar banza. Nan turken awakin Ƙadri ne, har yanzu ina jin warin."

"Makauniya za ta nuna mini hanya?"

"Ke mai idon, sau nawa kika kai ni cikin kwata?"

Ku yi ta yi har mata su taru su raba gardama, wani lokaci ke ce da gaskiya, wani lokaci ita. Mu ɗalibai muna biye, ni da salula, wasu suna zana taswira. In kin ga na tsaya nesa sai ki jawo hannuna: "Matso da abin nan, Malama Shiru, ba cizo nike ba." Mun ji labarin masallacin zana na farko, da shekarar da amai da gudawa suka shiga unguwar, da macen da ta fara sayen keken ɗinki, da wanda ya saci kazar wa aka rufa masa asiri har ya mutu. Wani magidanci ya tsaya inda mahaifiyarsa ta rasu ya kasa cewa komai. Na so in kashe salular, kika ce in bar ta. Numfashinsa kawai ke cikinta.

Lurwanun da ake magana ɗan Furera ne, kuma shi ne babban mai gadin Alhaji Muttaka, ɗan kasuwar da ya sayi mafi yawan filin. Yakan tsaya nesa da gorarsa yana kallonmu. Bai taɓa hana mu ba, bai taɓa matsowa ba. Wata ɗaliba ta kira shi maci amana. Kika ce ta rufe bakinta, da wannan gadin yake kai wa uwarsa tuwo.

Aka tsayar da Asabar, 10 ga Mayu, ranar da za a gayyaci mutanen gari a zagaya da su. Mata suka ce baƙi ba za su gane komai ba a fili fetal, a sa alama a ƙofar kowane gida, banda waɗanda gini ya riga ya hau kansu. Mushe ya ce a ja layi da toka. Kika ce iska da awaki ba za su bar toka ta kwana ba, a sa duwatsu. Wani ya kawo ragowar farar ƙasa daga shafen masallaci don a shafe su, a hango su daga nesa. Ranar Alhamis da yamma muka jera su, manya-manya, farare tas. Mun yi murna da kyansu. Ba wanda ya tuna a cikinmu, malami da ɗalibai da tsofaffi, cewa a garin nan farin dutse a fili magana ɗaya yake yi: an auna, an raba, wannan na wane ne. Mun gaya wa mai unguwa za mu yi taro, ba mu gaya masa za mu kafa duwatsu ba.

Ranar Juma'a labari ya gama gari ta hanya biyu. A bayan tasha aka ce an maido wa mutanen Tudun Ƙwarya filinsu, ga borni nan an kafa, kowa ya je ya kama nasa. A wurin masu filaye aka ce ƴan tasha sun tumɓuke borni sun kafa nasu. Kin yi ta bi rumfa-rumfa kina cewa ba haka ba ne, tarihi kawai za a faɗa. Mutumin da ya shekara biyu yana kwana a kan kwali bai iya jin wannan ba.

Da muka iso ranar Asabar da safe, da lasifika da taswirarmu, mun tarar mutane sun riga mu. Sun zo da zana da itace da igiya, har daga ƙauyuka, kowa na kafa rumfa a kan farin dutsensa. Wata tsohuwa ta riga ta ɗora tukunya. Mushe Attahiru ya hau benci yana roƙo da lasifika, ba mai saurare. Sai ga babura daga ɓangaren masu filaye, da yawa, kowane ɗauke da mutum biyu ko uku, da gorori da adduna da isansi a bido, wato fetur a jarka.

Ba su yi magana da kowa ba. Suka watsa isansi a zanar farko suka ƙyasta ashana, wutar ta bi iska ta kama na kusa. Mai rumfar ya rungumi itacensa, suka sare shi a kafaɗa, rigarsa ta rine nan take. Aka shure tukunyar tsohuwar, ruwan zafi ya zube a ƙafar jikanta, ihunsa har yanzu yana kunnena. Aka fizgo Mushe daga benci aka fasa masa baki da lasifikar. Da mutanenki suka ga jini suka duƙa suka ɗauki abin da ke gabansu, kuma abin da ke gabansu duwatsun nan ne. Na ga farin dutse ya sami wani saurayi a fuska ya faɗo daga babur, aka yi kansa da itace. Masu baburan ma suka fara tsinta suna ramawa. Sama ta cika da duwatsun da muka shafe da hannunmu. Hayaƙi ya rufe wurin, ba ka gane na wane ɓangare ne ke kwance. Na durƙusa bayan kututturen gawo na rufe kaina da jakata.

Ke kika zaunar da Furera kusa da ni, kika ce, "Riƙe mini ita." Kika shiga tsakiya, ba mayafi, kina kiran sunaye. Duk wanda kika gani da dutse ko adda sai ki kira shi da sunan uwarsa, da Hausa, da Fulatanci, ki faɗa masa inda cibiyarsa take. "Kai ɗan Raihana, a ƙarƙashin ƙafarka take! Kai mai jar hula, ni na hura maka hanci ka yi numfashi, aje addar nan!" Na ga wasu sun saki abin da ke hannunsu. Kika hango Lurwanu ya ɗaga gora kan wani da ke ƙasa, kika yi tsawa, "Lurwanu! Uwarka na nan tana jin ka!" Gorar ta tsaya a sama.

A lokacin ne dutsen ya zo. Ban ga hannun da ya jefa ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba, domin daga kowane gefe jifa ake yi. Ya same ki a gefen kai, sama da kunne. Ƙarar ba ta da ƙarfi, kamar an fasa ƙwarya a cikin zane. Kika yi taku kamar za ki ci gaba da magana, sai kika durƙushe, kika kife. Masu gudun wuta suka bi ta kanki. Furera na ta jan hannuna, "Mi ya faru? Don mi ta yi shiru?"

Lurwanu ne ya jefar da gorarsa ya ture mutane ya ɗauke ki. Ya saɓa ki a kafaɗa yana gudu zuwa kwalta, jininki na bin bayan rigarsa, yana ihu a ba shi hanya. Kafin jandarmomi su iso su watsa taron an kwashi mutane da dama zuwa likita, daga ɓangarorin biyu. Ke kaɗai ce ba ki tashi ba. Bube ya iso kina da sauran numfashi, ya riƙe ƙafarki har Allah ya karɓi ranki.

A gidanmu aka yi miki wanka, Inna da matan bayan tasha. Da aka dawo daga maƙabarta liman ya tambayi Bube inda za a yi zaman makoki. Tambayar ta yi nauyi, domin a ƙofar gidan mamaci ake zama, kuma tun safe ana ta faɗi a gari cewa wata tsohuwa ƴar tasha ce ta mutu a rikicin ƙwacen fili. Babana ya ce ga ƙofarsa. Bube ya yi masa godiya, ya ce, "Malam Salisu, tana da ƙofa."

Ƙofar taki ta faɗo ne daidai bakin butik ɗin Alhaji Muttaka na tsakiya, inda ake sayar da kayan gini. Duk mun san wurin, ke kika nuna mana. Aka ɗauki tabarmi a ka aka nufi can, maza a gaba, Mushe Attahiru da bakinsa a ɗinke, mata a baya suna jan Furera. Ƙasar wurin baƙa ce da toka, ga jini ya bushe a kan duwatsu. Masu gadi suka taso suka tare hanya da gorori, wasunsu kai a ɗaure. Wani ya ɗaga tasa ya ce duk wanda ya shimfiɗa tabarma zai bi tsohuwar. Bube ya shimfiɗa. Gorar ta sauka a bayansa, na ji ta kamar a jikina. Bai juya ba. Ya zauna, ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗaga hannu. Liman ya zauna kusa da shi ya ja fatiha. Mai gorar ya sake ɗagawa, sai Lurwanu ya riƙe ta ta baya, rigar jiya na jikinsa bai canza ba. Ya ce, "Mahaukaci, makoki za ka daka?" Ya cire takalmi ya zauna a bakin tabarma. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka jingine gororinsu a bango. Ba su zauna ba, amma da aka shafa sun shafa.

Mu mata muka shiga lungun da ke bayan butik ɗin, inda ɗakinki yake, muka ɗaura zannuwa a igiya suka zama bango. Nan muka zauna kamar yadda ake zama a cikin gida.

Ba a wuce zaman makoki a garinmu. Mai babur zai tsaya, mai amalanke zai sauko, ma'aikaci zai fito daga mota ya durƙusa ya yi addu'a, ko bai san mamacin ba. Wurin kuma bakin kwalta ne. Duk wanda ya zo, bayan ya ce ya haƙuri, sai ya dubi ƙofar ƙarfen da buhunan simintin da ke jibge, ya tambaya a hankali, "Nan ne gidan marigayiyar?" Bube ya ce, "Nan ne." Wani dattijo ya ƙara, "Nawa na can, inda tankin ruwan nan yake." Wani ya ce nasa na ƙarƙashin waccan motar. Mutum ya zo ƴar gajeriyar gaisuwa, ya tashi ya san su wa suka zauna a nan, da shekarar da suka zo, da yadda aka fitar da su. A ɓangaren mata Furera ce ke bayani, in ta gaji ta ce in kunna muryarki. Taron da muka shirya da gayyata ko farawa bai yi ba, wannan kuwa gari duka ya zo. Na so a ce kin gani. Na fi so a ce ba a yi shi ba, kina nan da ranki a bayan tasha kuna zagin juna ke da Furera.

Ranar sadakar uku Alhaji Muttaka ya zo. Butik ɗinsa a rufe suke tun Asabar. Ya daɗe tsaye a gefen motarsa. Wasu samari suka fara miƙewa, liman ya yi musu alama su zauna. Ya tako, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Bube a kan barandar da shi ya gina. Ya ce, "Ya haƙuri?" Bube ya ce, "Da godiya." Ya yi addu'a aka shafa. Sannan ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ni a takarda na saya, ba a rubuta akwai mutane ba." Furera ce ta yi magana daga bayan zane.

"Alhaji, gaisuwar wa ka zo?"

"Ta Iya Barira."

"A ina?"

Ya ce, "A ƙofar gidanta."

Furera ta ce, "To mun gode. Allah ya ba da lada."

Ba zan ƙara wa abin gishiri ba. Bai ba da fili ba, ba a kuma ce za a bayar ba. Da yamma aka naɗe tabarmi, aka kwance zannuwa, washegari butik suka buɗe. Mutanenki sun koma rumfunan buhu, damina kuma ta kusa. Ana tsare da samari daga ɓangarorin biyu. Jikan tsohuwar da ruwan zafi ya ƙona yana kwance har yanzu. Lurwanu ya bar gadi, shi ke jan uwarsa, bai san da abin da zai ciyar da ita ba. Abin da aka samu shi ne abin da kika nema: an faɗa a gaban jama'a, da bakin wanda ya gina wurin, cewa kina da gida a garin nan. Ya yi tsada, Iya. Ya yi tsada ƙwarai.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya sa ciwon da kika ji ya zama kankarar zunubi. Yadda kika karɓi ƴaƴan mutane da hannu biyu kika wanke su, Allah ya karɓe ki haka. Ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce mazauninki. Wanda ya yi jifan, ko ya san kansa ko bai sani ba, Allah ya ba shi ikon tuba. Waɗanda ke kwance a likita, namu da nasu, Allah ya ba su lafiya, ya kiyaye garinmu daga sake ganin irin wannan rana.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Mushe Attahiru da ɗaliban ajinmu, ga Bube da iyalinsa a Gidan Amumune, da Furera wadda ta rasa idonta karo na biyu, da dukan mutanen Tudun Ƙwarya a duk inda suke kwana, da matan bayan tasha masu tsohon ciki waɗanda ba su san wa za su aika a kira ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu haƙuri.

Mun yi miki shaida, Iya Barira. Kin zauna a garin nan, kin yi masa aiki, kuma a ƙofar gidanki muka karɓi gaisuwarki. Allah ya karɓi shaidarmu. Amin.

Umaima Salisu, Tasawa